Babur Mai Gudun Saniya

Kwanakin baya wani saurayi mai gyaran waya ya zauna a bencin garejina yana jiran a ɗaure masa birki. Ya ga na baje kulocin wani babur a kan tire, ya tambaye ni me nake yi. Na ce daidaita shi nake yi. Ya ce, “To Baba, ba otomatik ba ne? Ai da kansa yake yin komai.” Na ce masa gaskiyarsa, agogo ma da kansa yake tafiya, shi ya sa ba a taɓa jin mai gyaran agogo ba a duniya. Bai yi dariya ba. Ina jin ya ɗauka ilimi na ƙara masa.

Saboda shi da irinsa nake wannan bayani, ku samarin da kuke ganin duk abin da ba shi da hannun matsawa ba shi da wahala.

Baburan da nake magana a kansu na jeji ne, masu dogayen ƙafafu da taya mai ƙuraje. Masu aikin rigakafin shanu da masu haƙa rijiyoyi suka fara shigo da su Njamena, in sun tsufa a yi gwanjonsu, su faɗo hannun ’yan kasuwa. Suna da giya, ana taka ta da ƙafa, amma babu hannun kuloci a hagu. A cikin injin akwai wasu ƙarafa masu nauyi da sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe, ke riƙe da su. In inji yana numfashi a hankali, sifirin ya fi ƙarfinsu, babur yana tsaye. In ka murɗa totur, juyawa ta watsa ƙarafan waje, su matse faifan kuloci, taya ta ɗauka. Shi ke nan karatun. Yaron aji huɗu zai haddace shi kafin a tashi tara.

Abin da ba ya haddatuwa shi ne wurin da za su kama. In sun kama da wuri, babur ya riƙa jan mai shi alhali yana tsaye, ya kuma mutu da zarar ya shiga yashi. In sun kama a makare, faifan su yi ta gogar juna, baƙin mai ya dahu, kuloci ya ƙone. Tsakanin biyun akwai ɗan wuri, kuma wurin nan ba ɗaya ba ne ga kowa. Na mai ƙiba daban, na mai ɗaukar buhu daban, na mai hanyar laka daban. Kamfani ya daidaita shi don wani mutum matsakaici mai tafiya a matsakaiciyar hanya, wanda har yau ban taɓa haɗuwa da shi ba.

Ban shigo sana’ar da ƙuruciya ba. Na yi koyarwa a firamare, a farkon shekarun casa’in na ajiye alli na tafi unguwar Kabalai wurin Usta Abakar, wani bakanike Balarabe da ba ya jin Hausa sai ta zagi. Shi ya laƙaba mini Metir, wato malamin makaranta, sunan ya bi ni har yau. Wata da watanni aikina wankin ƙarafa da fetur a gindin bishiya. Ranar da ya gano ina karanta littafin injin da Faransanci sai darajata ta ɗan ɗaga. Yakan kafa bakin sukurdireba a jikin inji, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron tafsiri, sannan ya ce, “Metir, me mutuminka ya ce?” In karanta masa. Wani lokaci ya gyaɗa kai, wani lokaci ya ce marubucin bai taɓa zuwa Cadi da bazara ba. Wani lokaci kuma littafin ne da gaskiya, sai Usta ya tuna yana da alwalar da zai yi. A haka muka yi shekaru, shi da kunne ni da ido, kowa ya ƙaru da ɗan’uwansa.

Kayan aikina na kuloci ba su cika jaka ba. Sifana mai lamba sha huɗu da siririn sukurdireba don sukurun gefe. Tiren shayi, wanda nake jera ƙarafa a kai yadda na ciro su, don in mayar da su yadda suke. Gutsuren gilashin taga, a kwantar da faifai a kansa a ga ko zafi ya lanƙwasa shi. Sikelin mahauta mai ƙugiya, da shi nake jan sifirin ɗaya bayan ɗaya in ga ko ƙarfinsu ya zo daidai, domin in ɗaya ya fi ’yan’uwansa tauri, kuloci zai kama da gefe guda, babur ya riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi. Sai hanci. Baƙin man da kuloci ya ƙone a ciki yana da ƙauri irin na tuwon da aka manta a wuta, kuma mai babur yana iya yi maka ƙarya, man ba ya yi.

Sikelin nan muguwar shekara ce ta koya mini shi, shekarar da aka karya darajar sefa. Muka wayi gari kayan gyara sun fi ƙarfin masu babura. Wanda a da zai ce a sa sabo, ya koma cewa a lallaɓa. Wasu suka jingine baburansu a zaure suka koma keke. Garejin Usta ya yi shiru har kaji suka fara ƙwai a cikin tsofaffin tayoyi. Ni da shi muka riƙa bin bola da gidajen da aka jibge matattun injuna, muna ciro sifirin, muna warewa, mai laushi gefe guda, mai tauri gefe guda. Dole ta sa na san halin kowanne. Da abubuwa suka lafa, sauran makanikai suka koma sayen sabo a leda su ɗaura, ni kuwa na riga na lalace, ba na iya ɗaura sifirin ban auna shi ba. Bayan rasuwar Usta na koma Atron, can gabashin gari. Mutane suka ce na gudu inda fili ke da araha. Haka ne, amma kuma a bayan garejin akwai yashi, kuma kulocin jeji ba a gwada shi a kwalta.

A can Bala ya same ni, a farkon shekarun dubu biyu, lokacin da baburan Sin masu araha suka fara cika gari. Bala ɗan gidan mahauta ne a unguwar Ridina. Wansa, Alhaji Garba, shi ke riƙe da rumfunan nama na gidan, shi kuma Bala tun yana saurayi shi ke shiga kasuwannin jeji ya sayo shanu. Yana jin Fillanci, yana jin Larabcin makiyaya, in ya zagaya sa sau ɗaya zai faɗa maka naman da ke jikinsa. Wata rana wajen loda bijimi a mota igiya ta naɗe masa hannun hagu, bijimin ya fizga. Hannun ya warke, amma yatsun ba sa dunƙulewa. Yana iya ɗora shi a kan kan babur ya tallafa, ba ya iya matse komai. Shi ya sa ya sayar da babur ɗinsa ya sayi irin wanda ba ya bukatar hannun hagu.

Ya kawo mini shi a bayan a-kori-kura, kuloci ya ƙone ƙurmus. Na sa sababbin faifai, na daidaita, na gwada a yashi, lafiya lau. Ba a rufa wata ba aka sake sauke mini shi, da ƙauri iri ɗaya. Wannan karon Alhaji Garba ne ya biyo motar da kansa.

“Metir,” in ji shi, ko zama bai yi ba, “ka san inda aka tsinto mini shi? Bayan garin Durbali, rana tsaka, yana tura wannan jakin ƙarfen da hannu ɗaya, ruwansa ya ƙare. Ba don wasu masu raƙuma ba da yanzu zaman makoki muke.”

“Yaya, ai ban mutu ba,” in ji Bala.

“Ba da kai nake ba. Metir, ka gyara, na yarda. Amma in ya sake mutuwa masa a hanya, kalas, magana ta ƙare. Ya dawo rumfa ya zauna kusa da ni.”

“In yi me a rumfa? Wuƙa ma sai da hannu biyu.”

“Ka kori ƙuda. Wannan hannu ɗaya ya isa.”

Bala ya yi dariya don wansa ne, amma da Alhaji ya juya wajen mota sai ya matso ya rage murya. “Metir, in na zauna a rumfar nan, shekara ba za ta zagayo ba sai yara sun fara ce mini Baba mai mafici. Ka duba shi da kyau.”

Na duba. Baƙin man ba na mota ba ne, wanda wasu ke zubawa ya sa faifai santsi. Sukurun gefe yana inda na bar shi. Sifirin daidai suke. Na tambaye shi ko yana lodin buhuna, ya ce daga shi sai jarkar ruwa da buzun salla. Ko yana gudu? Ya dafa ƙirji. “Ni? Wallahi Metir lallaɓa shi nake kamar tsohuwa. Ban taɓa wahalar da shi ba.” Na ga alama gaskiya yake faɗa. Injin lafiya, mutumin mai gaskiya, kuloci kuma yana ƙonewa. Sai na sa wasu faifan, na rufe gareji, na ce tafiya ta gaba da ni za a yi.

Zuwa babu abin cewa. Ya tuƙa mu da kyau, ya san inda yashi ke da zurfi, ya san lokacin sauke giya. A kasuwa ya yi cinikinsa, ni ina inuwa ina shan shayi ina kallon yadda ake sa hannu cikin riga ana ciniki da yatsu. Washegari da safe masu kora suka tasa shanun a ƙafa suka nufo gari. Na ɗauka za mu wuce su mu dawo. Sai Bala ya tayar da babur, ya taka giya har ta uku, ya bi bayan garken, taku da taku, injin yana gunaguni can ƙasa-ƙasa.

Ba mu yi nisa ba na fara jin ƙauri. Na miƙa hannu na taɓa murfin kuloci, na janye da sauri.

“Bala, haka kake yi kullum?”

“Yaya kuma zan yi?”

“Har gari?”

“Har gari mana.”

“To sauko da giya zuwa ta farko.”

“Metir, ka san ƙarfe, ba ka san shanu ba. Waɗannan na jeji ne, ba su saba da ƙarar inji ba. In na sa ta farko ya yi ihun nan nasa, sai dai a tattaro mana su a Kamaru.”

“To mu wuce gaba mu jira su a inuwa.”

Ya waiwayo ya dube ni kamar na ce mu yi salla muna kallon yamma. “In wuce shanuna? Babanmu a kan doki yake bin su, a baya. Daga baya kake ganin wadda ta fara ɗingishi, da wadda aka matsa wa har ta fara zubar da nama a hanya. Daga baya masu kora suke sanin akwai ido a kansu. In na wuce gaba, me ya kawo ni? Ai sai in zauna a rumfar.”

To ga ciwon. Mutumin ya sauka daga dokin ubansa ya hau babur, amma tafiyar doki yake yi. A babbar giya, da gudun saniya, injin ba ya juyawa yadda ƙarafan za su matse faifan sosai. Ba su saki ba, ba su kama ba, sai guga daga safe har la’asar. Da tsohon babur ɗinsa yatsunsa ne ke yin wannan hisabi ba tare da ya sani ba, ya kama, ya saki, ya bar shi ya gangara. Yanzu babu yatsun, sifirin kuma bai san saniya ba. Tafiyar nan dai da tsaye-tsaye muka iso, muna kashe inji yana hucewa muna cim ma garken.

Abu mafi sauƙi shi ne in yi masa lacca in ce ya canza tuƙi. Amma na yi koyarwa, na san iya inda lacca take kaiwa. Kuma hujjarsa ta fi tawa: ba don ya hau babur yake zuwa jeji ba, don shanu yake zuwa. Saboda haka babur ɗin ne zai koyi tafiyar.

Na fara da farantin sarƙa na baya, mai haƙora. Na samo wanda ya fi nasa faɗi sosai, na kai wa mai walda ya yanke cibiyarsa ya haɗa da ta asali, na ƙara tsawon sarƙa. Da wannan, taya tana juyawa a hankali alhali inji yana juyawa da ƙarfinsa. Na buɗe salansa na cusa mata sabuwar audugar gilashi, na ƙara mata wata ’yar tukunya a baya, don giyar farko ta daina ihu. Na rage numfashin injin na tsaye har inda zai iya ba tare da ya mutu ba. Sannan na zo kan sifirin, na zube gwangwanin da nake tara su a kan tire, na ɗauko sikeli.

Zaɓin farko ya yi laushi da yawa. Bala ya zo gwaji, ya hau, ya tsaya gaisawa da mai shayin da ke gefen garejin, giya a ciki, inji yana aiki. Gaisuwar mutanenmu kuwa kun san ta, sai an tambayi gida da yara da gajiya da zafi, a koma Larabci a sake daga farko. Yana cikin “afe, afe” babur ya gaji da jira ya tafi da shi a hankali cikin bencin mai shayi. Ba wanda ya ji ciwo sai kofuna. Mai shayi ya ce, “Metir, wannan ko sallama bai iya ba.” Na sake buɗewa. Zaɓi na biyu ya yi tauri, ya dawo da guga. Na riƙa hawa da sauka tsakaninsu, ina canza sifirin, ina sassauta notin gefe, in juya sukuru har in ji ya taɓa, in dawo da shi baya kamar kaurin farce, in ɗaure.

Gwajin shi ne abin kallo. Ina bukatar gudun saniya, kuma agogon babur ba ya nuna shi, allurar tana kwance kamar ta mutu. Akwai wani Bafillace a bayan unguwa da ke kai ’yan shanunsa shan ruwa kowace hantsi. Na roƙe shi, na riƙa bin su a baya a giyar farko, zuwa da dawowa, cikin yashi. Matan unguwa suka fara leƙowa ta katanga. Na ji wata tana cewa, “Allah sarki, karatu ne ya yi masa yawa.” Ban kula ba, kunnena yana kan injin. Ranar da na ji ƙarafan sun kama tsaf tun daga takun farko, injin yana bugawa ɗaya bayan ɗaya ba ya kuka, shanun ko kunne ba su kaɗa ba, na tsaya na ɗora tafin hannu a murfin. Ɗumi ne kawai irin na kofin shayin da za ka iya riƙewa. Na shiga yashi mai zurfi na tsaya cak, na murɗa, ya fita bai mutu ba. Na tsaya da giya a ciki na gaisa da Bafillacen har muka kai kan kakanni, babur bai motsa ba.

Na faɗa wa Bala abin da ya rasa. “A kwalta yanzu mai keke ma zai iya ba ka kunya. Kuma a bayan shanu giyar farko, ba ta uku ba.”

“Ba zai firgita su ba?”

“Je ka tambayi na Bafillacen can.”

Ya tafi shi kaɗai. Ranar da ake sa ran dawowarsa, tun azahar Alhaji Garba ya iso garejina, domin ta gefen Atron shanun gabas ke shigowa. Ya zo da a-kori-kura da direba, a baya an ɗora igiya da katakon loda babur da jarkokin ruwa. Ya zauna a benci ya ce a kawo shayi.

“Ba wai ban yarda da aikinka ba ne, Metir.”

“Na gani, Alhaji. Katakon ma na ado ne.”

“In la’asar ta wuce ban gan shi ba, zan bi hanya.”

Aka yi la’asar, muka yi salla a gefen garejin. Ya duba agogo, ya duba gabas, ya ce wa direba ya duba ruwan mota. Direban yana buɗe bonet muka ji muryar masu kora. Ƙahoni suka fara ɓullowa ta bayan sababbin gine-ginen da ba a rufa ba, farare da jajaye, suna tafe a natse. Alhaji ya miƙe tsaye. Garken ya yi ta wucewa, masu kora suka wuce da sandunansu a kafaɗa. Can a ƙarshe, bayan wata saniya mai jan ƙafa, sai ga Bala zaune a kan babur, rawani ya rufe masa baki, injin yana bugawa a hankali.

Bai tsaya ba, don shanun ba su tsaya ba. Dole Alhaji Garba, da babbar rigarsa, ya bi gefensa a ƙafa. Ni ma na bi ta ɗaya gefen, na sunkuya ina tafiya na ɗora hannu a murfin kuloci, na bar shi a wurin. Alhaji ya dubi hannuna, ya ga ban janye ba. Bai ko ce wa ƙaninsa sannu da hanya ba. Ya mayar da ido kan shanun.

“Wancan jan, wa ya ce ka saya? Duk ƙashi ne.”

“Ka bari a feɗe shi tukuna, Yaya.”

“Wannan ta bayan fa?”

“Ƙaya ta taka jiya da hantsi. Na gani, na sa an cire. Ba za ta rame ba.”

Alhaji ya yi ’yan taku yana haki kaɗan. Sannan ya ce, “Mako mai zuwa manya nake so, ba irin waɗannan ba. Kada ka tsaya a Durbali, an ce sun fi kyau can gaba. Ka wuce ciki sosai.”

“To, Yaya.”

Alhaji ya tsaya a nan, ya juya ya ɗaga wa direbansa murya. “Kai, sauke katakon nan ka bar wa Metir, ya yi benci da shi.”